AJALI DA SANADI: KO LAIFI NE A TAMBAYI ABIN DA YA KASHE MAMACI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rai da mutuwa ke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Da damanar da ta wuce na je gaisuwar mutuwa wani ƙauye da ke tsakanin Sheme da Ƙanƙara, inda wani ɗan'uwanmu ya rasa ɗansa, yaro ɗan shekara biyu da 'yan watanni. Muna zaune bisa tabarmi a ƙofar gida, ana shigowa ana fita, kowa ya zo ya ce yaya haƙuri, a ce masa da godiya, a yi addu'a a shafa. Can sai wani saurayi, ma'aikacin ɗakin shan magani ne a wani gari nan kusa, ya matso wajen uban yaron ya ce, "Baba, me ya same shi ne? Kwana nawa ya yi yana zazzaɓin?" Kafin uban ya buɗe baki sai wani dattijo ya katse shi da faɗa, ya ce, "Kai yaro, ba ka da ladabi ne? Me ya same shi kuwa in ba ajali ba? Kwanansa ne ya ƙare. Ko kana da abin da za ka ƙara masa?" Saurayi ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Baba." Wuri ya yi tsit. Daga baya na ji cewa wannan shi ne yaro na huɗu da aka rufe a unguwar cikin wata guda, dukansu kuwa da zafin jiki da jijjiga suka tafi.

Tun daga ranar maganar ta tsaya mini a rai, domin kuwa ba gardamar mutum biyu ba ce kurum, tambaya ce da ta shafi kowane Musulmi. Tun da ya ke mun yi imani cewa ajali rubutacce ne, ba ya gabata ba ya jinkiri, to mene ne amfanin a tsaya ana bin diddigin abin da ya yi sanadin mutuwa, har ma hukumomi su riƙa ƙidaya suna cewa cuta kaza ta fi cuta kaza kisa? Ashe wannan ba jayayya da ƙaddara ba ce?

Da farko dai ya kamata mu ba dattijo gaskiyarsa, gama yana da ita. Tabarmar ta'aziyya ba wurin bincike ba ce. Uban da ya dawo daga maƙabarta da ƙasa a ƙafarsa, abin da ya ke bukata shi ne a kwantar masa da rai. In ka ce masa kwana nawa yaron ya yi yana zazzaɓi, abin da kunnensa zai ji shi ne, don me ba ka kai shi asibiti ba. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu game da yawan cewa da na yi kaza da an sami kaza bayan abu ya riga ya auku, saboda ƙofa ce da Shaiɗan ke shiga ta cikinta. Har wa yau, maganar da dattijo ya faɗa daidai ta ke da abin da aka karantar da mu a tauhidi: likita bai taɓa ƙara wa wani ko da ƙiftawar ido a kan kwanansa ba.

To, amma malaman tauhidin nan da suka karantar da mu haka, su ne kuma suka karantar da mu abin da su ke kira hukuncin al'ada. Watau Allah Ya gudanar da mulkinsa bisa wani tsari: Yana halittar ƙoshi yayin cin abinci, Yana halittar ƙuna yayin taɓa wuta, Yana halittar tsiro yayin da iri ya haɗu da danshi. Wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, wanda ya ƙudurta haka ya ɓata. Amma wanda ya ce tun da wuta ba ta da iko bari ya ajiye jaririnsa a bakin murhu, shi ma ba mai tawakkali a ke kiransa ba. Dattijon nan da kansa, na tabbata, bai taɓa ƙin yin shuka ba don an rubuta masa yawan damin da zai samu. Yana kai taki, yana noman farko da maimai, sa'an nan ya ce Allah Ya ba da albarka. In gona ta ƙi, yakan tsaya ya duba ko wuta-wuta ce, ko tsutsa, ko ƙarancin taki, ba wanda ya taɓa ce masa ya yi rashin ladabi ga Ubangiji. Ina dalilin da za a halatta wannan tambaya a kan dawa da masara, a haramta ta a kan ɗan Adam?

Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce, Sahabbai sun riga mu gamuwa da ita. A zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, annoba ta ɓarke a ƙasar Sham, wadda a ke kira annobar Amwas. Halifa ya taso daga Madina zai tafi can, da ya kai wani wuri wai shi Sargu sai shugabannin runduna suka tarye shi da labari. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ra'ayi ya rabu, daga ƙarshe ya yanke a koma. Abu Ubaida ɗan Jarrahu, wanda ba a shakkar imaninsa, ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah za a yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah ta ke, ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka wani kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora su da ƙaddara ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Sa'an nan Abdurrahmanu ɗan Aufu ya iso ya shaida musu cewa ya ji Manzon Allah ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana waɗanda ke ciki fita don gudunta. Abu Ubaida ya koma cikin rundunarsa, a cikin annobar nan ya cika, haka Mu'azu ɗan Jabal. Ba wanda ya zargi Umar da raunin imani, ba kuma wanda ya ce Abu Ubaida ya mutu kafin kwanansa.

Akwai wani labari kuma wanda ni a ganina ya fi kusa da halin da mu ke ciki. Wata rana fatake suka sauka Madina, Umar da Abdurrahmanu suka kwana suna yi musu gadi. Cikin dare Halifa ya ji jariri yana ta tsala kuka, ya je ya yi wa uwar magana, ya koma, kukan bai tsaya ba, har sau uku. Da ya matsa mata da tambaya, ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa yaye shi ta ke son yi da ƙarfi, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba ya yi wa mutane salla, kuka ya hana a ji karatunsa sosai. Da ya sallame ya zargi kansa da halaka 'ya'yan Musulmi, ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya yi gaggawar yaye, an yanka wa kowane jariri rabo tun daga ranar haihuwa, ya kuma aika da wannan umurni zuwa larduna. Ku duba fa, jama'a. Da Umar ya tsaya a kan cewa yara na mutuwa don kwanansu ya ƙare, da gaskiya ya faɗa, da kuma dokar nan ta ci gaba da cin rayuka. Tambaya ce ta kai shi ga gane cewa sanadin yana cikin wani tsari da shi da kansa ya kafa.

Yanzu mu juyo ga ƙasarmu mu ga abin da masu tambaya suka samo. Binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa lokaci lokaci ya nuna cewa a 2003, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 201 ba sa kai shekara biyar. A 2008 adadin ya sauko 157, a 2018 ya kasance 132, binciken 2023 zuwa 2024 kuwa ya ba da 110. Watau daga yaro ɗaya cikin biyar an dawo wajen ɗaya cikin tara. Amma wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya. A 2018 ɗin nan, yankinmu na Arewa maso Yamma 187 gare shi. Da aka bi gidajen da aka yi rashin yara aka tambayi iyaye yadda ciwon ya kasance, sai aka tarar abubuwan da ke kan gaba su ne zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, a jarirai kuwa wahalar haihuwa da shigar ƙwayoyin cuta cikin kwanakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutanen da zazzaɓin cizon sauro ya kashe a duniya a 2022, kimanin uku cikin kowane goma 'yan Nijeriya ne. Haka kuma cikin matan duniya da suka rasu wajen ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu namu ne. A 2021 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 3,600 a ƙasar nan, Katsina na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ga kuma hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda da a ke ɗauka cutar masu kuɗin birni ce, sun shigo ƙauye sun zauna.

To, daga 201 zuwa 110, ƙaddara ce ta sake? A'a. Allah da Ya rubuta wa yaron nan tsawon kwana, Shi ne Ya rubuta masa allurar ƙyanda da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari. Manya daga cikin masu karatu sun san agana, sun ga zanen da ta bari a fuskokin mutane, sun san gidajen da ta rufe. A 1980 aka yi shelar ƙarewarta a duniya, yau ɗan shekara talatin bai san kamanninta ba. Shan inna ta daji, wadda aka yi ta ja-in-ja a kan allurarta a 2003, a 2020 aka tabbatar ta bar Afirka. Mutuwa kam ba ta ragu ba, rigar kowa ce, duk wanda ya tsira daga agana ya tafi ta wata hanya ko zai tafi. Abin da ya ragu shi ne yawan iyayen da ke rufe 'ya'yansu da hannunsu.

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai wani sanadi wanda ba ya cikin littafin likita. Duniya ta ji labarin ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe ranar 11 ga Disamba 2020, Allah Ya kuɓutar da su bayan kwana shida. An ji kisan Kadisau ta ƙasar Faskari a watan Yuni na shekarar, an ji mutum 41 da aka yi wa kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje a Fabrairu 2023 sa'ad da suka bi sawun shanun da aka sace. Waɗannan an ƙidaya su, gidajen rediyo sun faɗa. Waɗanda ba a ƙidaya su ne waɗanda bindiga ta kashe ba tare da harsashi ya taɓa su ba. Manomin da ya bar gonarsa ta nesa ta zama saura don tsoro, rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, ɗansa ya kumbura da tamowa, zazzaɓi kaɗan ya zo ya ɗauke shi, me za a ce ya kashe shi? Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta ba da sanarwa cewa a watanni shida na farkon 2025, yara 652 suka mutu da tamowa a wuraren da ta ke jiyya a Jihar Katsina. Fiye da yara uku ke nan kowace rana, su ma waɗanda aka iya kaiwa ne kaɗai.

Ku tuna kuma da 2021, sa'ad da gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta taƙaita hawan babura da dare a ƙananan hukumomin bakin daji, aka kuma katse wayar salula wata da watanni a wuraren nan uku da wasunsu. Ban kawo wannan don zargi ba, don neman tsaro aka yi. Amma ku kwatanta matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a wani ƙauyen Sabuwa a kwanakin nan, jini ya ɓalle mata, babu waya, babu babur, hanya kuma ba ta biyuwa, Funtuwa ta yi nisa. Da safe aka ce ta rasu wajen haihuwa, Allah Ya karɓi shahadarta. Wa ya rubuta ta, kuma a ƙarƙashin wane sanadi?

Wannan kalma ta shahada ita ma tana bukatar a tsaya a kanta, domin na sha jin ana rufe magana da ita. Gaskiya ne ya inganta daga Manzon Allah cewa wanda annoba ta kashe, da mai ciwon ciki, da wanda ruwa ya ci, da wanda gini ya faɗa wa, da matar da ta mutu wajen haihuwa, suna da ladan shahidai. Wannan bushara ce ga mamaci da sanyin rai ga danginsa. Amma ba wanke hannu ba ce ga rayayyu. Sayyidina Umar da kansa shahidi ne, shahadarsa kuwa ba ta sauke laifi daga wuyan wanda ya soke shi ba. Sa'an nan ku lura, hadisin nan da kansa ya rarrabe mutuwa bisa sanadinta, wannan ruwa, wannan annoba, wannan haihuwa. Da ambaton sanadi saɓo ne da bai fito daga bakin nan mai albarka ba.

Hasali ma shari'a kacokan a kan sanadi ta gina hukuncin jini. Alƙali ba ya sallamar mai kisa don ya ce kwanan mamacin ne ya ƙare, alhali kuwa lalle kwanan nasa ne ya ƙare. Sai ya bincika: da gangan ne ko kuskure, da me aka buge shi, raunin ne ya kashe shi ko wani abu dabam, sa'an nan a san ƙisasi ne ko diyya. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara gaba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda a ke karantawa a zaurukanmu, an ɗora lamuni a kan wanda ya ga ran wani zai salwanta yana da ikon cetonsa ya ƙi, da wanda ya hana matsattse rarar abinci ko ruwa har ya mutu, kai har da wanda ya hana zaren da za a ɗinke raunin da ya huda ciki. Zare fa, jama'a! To, ina ga mai mota a unguwa da aka buga wa ƙofa da dare ya yi shiru, ko mijin da ya hana matarsa zuwa awo, ko ɗan'uwan da aka nema ya ba da jini ya noƙe, ko wanda aka damƙa wa kuɗin magani ya karkatar da su? Alƙur'ani mai girma, cikin Suratut Takwir, ya ba mu labarin cewa ranar Alƙiyama za a yi tambaya game da yarinyar da aka binne da rai, a kan wane laifi aka kashe ta. Ita ma da ajalinta ta mutu, bai kuwa hana tambayar ba.

Wani abu kuma da ya kamata mu faɗa wa kanmu, ko da ba daɗi: mu ba mutane ne da ba sa neman sanadi ba. A tabarma ne mu ke cewa ajali. In an shiga cikin gida an rage murya, sai ka ji an ce kishiya ce, ko tsohuwar nan ta bayan layi mayya ce, ko sammu aka yi masa don gado. Zukata ba sa haƙura da rashin amsa. In an hana su ta gaskiya sai su ƙago ta ƙarya. Da an san sauro ne ya ɗauki yaran nan huɗu, da kududdufin bayan gari za a nufa, a nemi gidan sauro da maganin rigakafin da a ke raba wa yara da damina. Da ba a sani ba, sai a nufi wata baiwar Allah da zato, a haɗa rashin ɗa da zunubin ƙazafi da yanke zumunci.

Saboda haka ni abin da na fahimta, Allah ne mafi sani, tambaya iri biyu ce. Akwai ta mai duban baya yana cizon yatsa yana tuhumar hukuncin Ubangijinsa, ita ce aka hana. Akwai ta mai duban yaran da suka rage a unguwa, wannan kuwa tana cikin kiyaye rai, ɗaya daga cikin abubuwa biyar da malamai irin su Imamu Gazali suka ce shari'a ta zo don tsare su. In kuwa babu mai yin ta a gari, ina tsoron laifin ya hau kan kowa, kamar yadda ya ke hawa in an bar gawa ba wanka ba salla. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Bai ga wannan ya rage masa tawakkali ba.

Abin baƙin ciki, galibin alƙaluman da na kawo a sama ƙiyasi ne da aka gina a kan tambayar wasu gidaje da aka zaɓa, domin mafi yawan mace-macen ƙasar nan ba a rubuta su a ko'ina. Mu kan yi gaggawar kai mamaci makwancinsa, haka sunna ta ce, kuma daidai ne. Amma babu gawar da a ke rufewa ba da sanin limamin unguwa ba. Me zai hana kowane liman a Yankara da Daudawa da Mairuwa da Damari da sauran garuruwanmu ya ajiye littafi guda, duk wanda ya sallata ya rubuta rana, da namiji ne ko mace, da kimanin shekarunsa, da abin da iyalinsa suka gani na ciwo? Ƙarshen wata ya zauna da mai unguwa da ma'aikacin lafiya su duba tare. In sun ga yara huɗu da zazzaɓi, ko mata biyu da zubar jini, ko gida uku masu shan rijiya ɗaya da gudawa, sun sami abin da za su kai gaban hakimi da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce, liman kuma ya sami abin da zai yi wa jama'a huɗuba a kai ran Juma'a. Kuɗin wannan aiki bai wuce na littafi da alƙalami ba.

Shi kuwa saurayin nan, in wannan shafi ya kai gare shi, shawarata ita ce ya bari a yi sadakar bakwai baƙi su watse, sa'an nan ya koma. Ya fara da gaishe da dattijon da ya yi masa faɗa, ya nemi shi ya raka shi. Ya tafi da mace ma'aikaciya 'yar'uwarsa wadda za ta shiga cikin gida, domin uwar yaron ita ta san ranar da zazzaɓin ya fara, da abin da aka ba shi, da daren da ya soma jijjiga, kuma har muka tashi daga wurin ban ji wanda ya ce a tambaye ta ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa yaran nan masu ceto ne ga iyayensu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin ba da jini ga majiyyaci.